Kilif ɗin Fistin: 'Yar Wayar da Ke Tsayar da Injin Ban-Ruwa da na Jirgi

Duk bakaniken da ya daɗe yana buɗe ƙananan injina a Illela ya san wannan ciwon tun kafin ya kwance noti na ƙarshe. Mai inji zai zo ransa a ɓace, ya ce bai fi mako biyu da yi masa babban gyara ba: an sa sabon fistin, sabbin ringi, sabon gaskit, an zuba sabon baƙin mai. Kwanakin farko inji ya yi ta aiki lafiya lau. Daga nan ya fara hayaƙi shuɗi, ya kama shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu, har ta kai a ja igiya hannu ya gaji bai tashi ba. Idan aka buɗe shi aka haska cikin silinda da tocila, sai a ga zane biyu masu zurfi a jere, sun bi bangon da ya kamata a same shi sumul. Farce ma yana maƙalewa a cikinsu. A can gindin injin kuwa, cikin baƙin mai, akan tsinci gutsuren waya lanƙwasasshe wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Wannan gutsuren shi ne kilif ɗin da ke tare fin ɗin fistin. Ya fita daga gurbinsa, fin ya zame gefe, bakinsa ya riƙa gurzar bangon silinda a kowane hawa da sauka har ya haƙa masa rami. Yanzu sai an kai silinda wurin masu bori, wato masu faɗaɗa silinda, a sayi fistin mai girma na gaba, a sake sayen ringi da gaskit, a sake biyan kuɗin aiki. In ramin ya yi zurfi da yawa, bori ma ba zai share shi ba, sai sabon bulok. Abin da ya jawo duk wannan asara kuwa, a babur ko injin ban-ruwa, kuɗinsa bai kai na litar fetur ɗaya ba.

Rayuwar Illela ta rataya ne a wuyan irin waɗannan injina. Garin yana arewacin Jihar Sakkwato, a ƙarshen hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa, kuma 'yan kilomitoci ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, ranar Laraba ta Ƙonni, kuma 'yan kabu-kabu ne ke ɗaukar mutane da kaya tsakanin garuruwan biyu da ƙauyukan da ke kewaye, galibi a kan yashi, da lodin da ya fi ƙarfin babur. A unguwanni akwai injinan niƙa da ƙananan janareto. A fadamu kuma akwai injin ban-ruwa, wanda ya bazu a arewa tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu. Tafkin Kalmalo, wanda ruwan Maggiya ke gangarowa cikinsa daga Nijar, ya ja baya ƙwarai daga yadda dattawa suka san shi, don haka mai albasa ko tumatir a wannan yanki ba shi da madogara sai abin da injinsa ya zuƙo masa daga ƙasa. Albasar da aka dasa ba ta jiran bakanike. Inji ya kwana uku a gareji cikin zafin Maris, za a gani a jikin ganye.

Yadda abin yake a ciki ba shi da wuyar fahimta. Fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda. Sandar da makanikai ke kira kwanrod ita ke ɗaukar wannan motsi ta kai wa karanshaf, shi kuma ya mai da shi juyawa. Abin da ya haɗa fistin da kwanrod wani gajeren bututun ƙarfe ne mai tauri da santsi, wato fin, wanda ke shiga ta gefe ɗaya na fistin, ya ratsa idon kwanrod, ya tsaya a ɗaya gefen. A motoci da yawa ana dasa fin ɗin ne da ƙarfi a cikin idon kwanrod, ya kame, ba ya buƙatar mai tsaro. Amma a mafi yawan babura da injinan ban-ruwa da na jirgin ruwa, an bar shi ya riƙa juyawa a sake, domin kada gefe ɗaya ya cinye. Tunda a sake yake, dole a tare shi hagu da dama. Shi ya sa aka yanka wani siririn gurbi a bakin ramin fistin ta kowane gefe, aka zaunar da zoben waya mai tsalle a ciki. Aikinsa ɗaya da na ƙusar da ake sokawa a bakin sandar amalanke don kada taya ta zame.

Sai dai amalanke ba ta gudun da fistin ke yi. Injin Honda GX160, wanda shi da kwaikwayonsa na Sin mai lamba 168F suka cika fadamun arewa, yana juyawa sau 3,600 a minti idan an ba shi wuta sosai. Ma'ana fistin na hawa ya sauka sau 60 a daƙiƙa guda, yana tsayawa cak ya juya baya sau 120. Manomin da ya yi ban-ruwa na awa 8 a haka, injinsa ya juya fiye da sau miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Tafiyar fistin ɗin milimita 45 ce kacal, amma a wannan gudun, duk lokacin da ya juya, kowane abu da ke jikinsa ana fizgarsa da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau 300. Kilif na cikin abubuwan da ake fizga. Babu noti, babu walda, babu gam. Abin da ke riƙe da shi a gurbinsa ƙarfin tsallen wayar ne kaɗai, yadda take turawa waje tana manne da bangon gurbin.

Wanda ya shiga shagon kayan gyara ya ce a ba shi kilif, zai iya fitowa da ɗaya daga cikin iri uku ko huɗu, kuma a ido duk zobba ne masu baki a buɗe. Akwai na zagayayyiyar waya mai siffar harafin C, marar kunne. Akwai irinsa mai kunne, wanda aka lanƙwaso bakinsa ɗaya ciki domin filaya ta samu wurin kamawa. Akwai mai faɗi, wanda aka datso daga fallen ƙarfe, mai 'yan huda biyu a bakinsa. Kamfanin Seeger na Jamus ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1920, kuma irinsa ne ake tare boris da shi a cikin giya da sauran wurare. Akwai kuma na siririn ƙarfe da aka naɗe zagaye biyu, wanda aka fi gani a injinan tsere, ba kasafai yake zuwa kasuwanninmu ba.

Zaɓin ba na bakanike ba ne, kuma ba na mai shago ba ne. Wanda ya ƙera fistin ya riga ya yanke hukunci tun ranar da ya yanka gurbin. Gurbin da aka yi wa zagayayyiyar waya gindinsa a zagaye yake. Wanda aka yi wa zobe mai faɗi gindinsa a miƙe yake, da kusurwa. A sa mai faɗi a gurbi zagayayye, sai ya zauna a kan gefunansa, bai kai ƙasa ba, fin na dukansa sau kaɗan ya yi waje. A sa waya a gurbi mai kusurwa, sai ta samu filin yin wasa, ta riƙa kai da komo tana cin alminiyon fistin har gurbin ya buɗe. Akwai ma wata dabara da ido ba ya lura da ita. A yawancin injinan da ke amfani da waya marar kunne, an ɗan fiƙe bakin fin ɗin ta waje. Idan fin ya turo, wannan fiƙar takan danna wayar ta ƙara nutsewa cikin gurbinta, wato turin da ya kamata ya fitar da ita shi ke ƙara kulle ta. Da zarar an haɗa fin na wani kamfani mai miƙaƙƙen baki da irin wannan waya, dabarar ta lalace. Fistin da fin da kilif abu guda ne da aka auna tare, kuma tare ya kamata a saye su.

Mai kunne yana da daɗin aiki, shi ya sa yaran gareji suka fi son sa. Amma kunnen nauyi ne da ke reto a gefe ɗaya, ana fizgarsa sama da ƙasa ba hutawa, kuma a injin da ke gudu sosai yakan gaji ya karye. Inda kamfani ya sa marar kunne, bai kamata a musanya shi da mai kunne don sauƙin cirewa ba.

Sai maganar girma. Ana kiran kilif da kaurin fin ɗin da yake tarewa. GX160 da yayansa GX200 suna da fin mai milimita 18. Babur irin Honda CG125 da ɗimbin kwaikwayonsa na da mai milimita 15. Ƙananan babura masu kwantaccen inji, 'yan gidan Honda Cub, na da mai milimita 13. Wanda ya duba littafin kayan Honda zai ga lambar kilif ɗin milimita 15 ita ce 94601-15000, ta milimita 13 kuma 94601-13000, girman yana nan a cikin lambar. Amma faɗin zoben rabin magana ne. Kaurin wayar kanta yana bambanta da abin da bai kai rabin milimita ba, kuma wannan ɗan bambancin ya isa. Siririya ba ta cika gurbi. Mai kauri ba ta nutsewa, sai ta tsaya rabi a ciki rabi a waje, bakanike ya ga kamar ta zauna. Abin da ke rikita mutane kuma shi ne bori: idan aka faɗaɗa silinda aka koma fistin mai ƙarin 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko milimita 1, kaurin fin ba ya canzawa, sai a ɗauka tsohon kilif zai shiga. Zai shiga ɗin. Amma in sabon fistin na wani kamfani ne, ba lallai gurbinsa ya zo daidai da na tsohon ba.

Wannan ya kawo mu ga ɗabi'ar da ta fi kowace kashe injina, wato mayar da tsohon kilif. Littattafan gyara na Honda da Yamaha sun yi magana ɗaya a kan wannan: duk lokacin da aka cire shi, a sa sabo. Dalilin a fili yake. Ba a iya fitar da zoben sai an matse shi, kuma da tsinin sukudireba ake banƙaro shi, gefe ɗaya. Wayar da aka matse fiye da ƙima ba ta komawa yadda take. Ga shi kuma ta yi wata da watanni tana gasuwa a jikin fistin. A ajiye tsoho da sabo a kan farar takarda, sau da yawa za a ga tsohon ya ɗan tsuke, ko kuma ya karkace bai kwanta daidai ba. Abin da akan yi a gareji shi ne a kama shi da filaya biyu a ɗan buɗa shi, a ce ya dawo. Faɗinsa ya dawo, amma wurin da aka lanƙwasa sau biyu ya riga ya yi rauni, kuma daga nan yake karyewa.

Ba mugunta ke sa makanikai yin haka ba, kuma ba duka laifinsu ba ne. Akwai mai babur da ke tsaye a kan bakanike yana cewa, Maigida, a yi sauri, yau Lahadi, fasinja na wucewa. Akwai kwalin fistin da ake buɗewa a tarar babu kilif a ciki, ko dai tun daga masana'anta, ko kuma ya zube a hanya, ko an zare an sayar daban. Akwai sabon da ke tsalle daga bakin filaya ya faɗa cikin yashi, a yi ta tankaɗe ƙasa da hannu ba a gan shi ba. A irin wannan hali ne ake komawa ga tsoho, ko a laluba gwangwanin tarkace a ɗauko wanda ya yi kama, ko ma, abin da ya fi muni, a yanko wayar sifirin a naɗa a jikin ƙusa a ce an yi kilif. Hikimar makanikanmu abin yabo ce a wurare da yawa, ita ce ta sa injinan da wasu ƙasashe suka daɗe da zubarwa suke aiki a nan. Amma cikin fistin ba wurin gwada ta ba ne.

Kayan gyaran da ake sayarwa a Illela sun sha tafiya kafin su iso. Yawancinsu an ƙera su ne a Sin ko Indiya, suka sauka Legas, suka bi ta manyan dillalai na Nnewi da Onitsha da Kano, sannan Sakkwato, sannan bakin iyaka, daga nan wasu su tsallaka Ƙonni. A kowane zango akwai mai kyau, akwai mai dama-dama, akwai jabu a cikin kwali mai sunan babban kamfani. Shekarun nan kuma sun matse kowa. An rufe iyakar daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A tsakiyar wannan aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Mutumin da kuɗin mai ya riga ya cinye masa riba, idan mai shago ya ajiye masa fistin iri biyu, hannunsa wajen mai araha yake zuwa. Ba wanda zai zarge shi. Sai dai a cikin kwalin mai arahar, kilif ne abin da aka fi yi wa ha'inci, domin ba mai duba shi. Ana iya gane na banza: a matsa shi kaɗan da yatsa biyu a saki, na kirki zai koma faɗinsa nan take, na banza zai tsaya a inda aka kai shi. Bakinsa ma yakan zo da kaushi, ko da ɗigon tsatsa tun yana cikin leda.

Kilif mai kyau ma yana fita idan an sa shi ba daidai ba, kuma a nan ne ake gane bakaniken da ya ƙware. Zai fara sa na gefe ɗaya tun fistin na kan benci, inda yake gani da kyau. Kafin ya matsa kusa da inji da na biyun, zai cusa tsumma mai tsabta a bakin akwatin karanshaf, domin zoben da ya faɗa ciki sai an wargaza inji kafin a fito da shi. Zai duba alamar da ke kan fistin, kibiya ko rubutu, ya fuskantar da ita inda kamfani ya ce. In fin ya ƙi shiga, ba zai ɗauko guduma ba. Zai naɗe fistin da tsumman da aka tsoma a ruwan zafi, alminiyo ya ɗan buɗe, fin ya shige da turin babban yatsa. Sannan ya sa bakin wayar ɗaya a gurbi, ya danne da yatsa, ya bi sauran a hankali yana turawa har ya ji ta faɗa da 'yar ƙara. Ba ya matse ta fiye da abin da zai shigar da ita.

Bayan nan akwai abu biyu da ake yawan mantawa. A bakin ramin fistin akwai wani ɗan gibi da aka yanka domin tsinin sukudireba ya samu shiga ranar cirewa. Bakin kilif bai kamata ya tsaya a kan wannan gibin ba, domin a nan ba abin da ke tallafe shi. Na biyu, bakin ya kalli sama ko ƙasa, wato hanyar da fistin ke tafiya. Idan ya kalli gefe, fizgar nan ta hawa da sauka tana matse zoben tana sakinsa a kowane juyi, kuma a babban gudu tana iya tsuke shi har ya saki gurbinsa. In zobe mai faɗi ne, a shafa shi da yatsa: gefe ɗaya na da kaifi, ɗaya a dakushe, kuma mai kaifin ne ke kallon waje, domin shi ke cizon bangon gurbi idan fin ya turo. Daga ƙarshe bakanike zai haska tocila ya bi zoben da ido ya ga ko'ina ya nutse, ya gwada juya shi da tsinin sukudireba. In ya juya da ɗan ƙarfi, ya zauna. In yana yawo sakaka, ko dai zoben ya yi ƙanƙanta ko gurbin ya cinye, kuma gurbin da ya cinye ba shi da magani sai sabon fistin.

A Illela, idan kilif ya fita, asarar ta kuɗi ce da amfanin gona. A kan ruwa lissafin ya wuce haka. Mutanen wannan yanki ba baƙin jirgi ba ne: akwai masu tsallaka Gulbin Rima da madatsar Goronyo, akwai 'yan kasuwa da masunta da ke sauka Yawuri a Jihar Kebbi, inda manyan kwale-kwale ke ɗaukar mutane da buhuna da dabbobi a kan Kogin Kwara da tafkin Kainji. Injin da aka fi maƙalawa a bayan waɗannan jirage shi ne Yamaha Enduro, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Mai ƙarfin doki 40, samfurin E40X, yana da silinda biyu, kuma an yi shi ya yi aiki tsakanin juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti. Tafiyar fistinsa milimita 70 ce. A ƙarshen gudunsa, fizgar da kilif ke sha ta haura nauyinsa sau 1,000, kuma direban jirgi mai lodi da ke haurawa gaba da ruwa yakan riƙe totur a sama na tsawon awanni.

Irin wannan inji, kamar ƙaramin janareton nan na Tiger da ke gaban shaguna, ba shi da bawul a kan silinda. A maimakon haka an huda tagogi a jikin bangon silinda, ta nan mai ke shiga hayaƙi ke fita, fistin ne ke buɗe su yana rufewa. Kilif ɗin da ya leƙo waje yakan maƙale a bakin taga, fistin ya datse shi. Gutsattsarin su bi iska su hau saman fistin, su daddatsa kan silinda, su karya ringi, wasu su gangara cikin boris ɗin karanshaf. Injin ban-ruwa yakan yi kwanaki yana hayaƙi kafin ya mutu, ya ba mai shi dama ya lura. Na jirgi yana iya kamewa cikin daƙiƙa kaɗan. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar kogi da damina ba ya jin linzami, ruwa ne ke juya shi yadda ya so, kuma ya cika da mata da yara masu dawowa daga kasuwa.

Ga mai gyaran injin jirgi akwai ƙarin tarko biyu. Na farko suna. Cewa "Yamaha foti" ba ta isa a sayi fistin ba, domin tsohon samfurin E40G faɗin silindarsa milimita 78 ne, na E40X kuma 80. Lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen da ke jikin maƙalin injin ita ake kai wa mai shago, kuma da ita ake neman fistin da fin da kilif. Fistin ɗin ma yana da alamar UP, wadda ke kallon sama wajen fulawil. Na biyu tsatsa. Injin da ya taɓa nutsewa, ko aka jingine shi wata da watanni da laima a cikinsa, wayar kilif ɗinsa takan yi ƙananan ramuka, kuma daga irin wannan rami karaya ke farawa. Duk injin da ya sha ruwa aka buɗe shi, zobbansa sun gama aiki ko da sun yi kyau a ido.

Wani lokaci kuma an sa kilif na asali, an sa shi daidai, ya sake fita. A nan sai a daina zarginsa a duba abin da ke tura fin gefe. Fin ɗin da ke cikin lafiyayyen inji ba ya dukan kilif da ƙarfi. Idan kwanrod ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, kowane bugu sai ya zame da fin ɗin gefe guda, ya yi ta dukan zobe ɗaya har gurbin ya fashe. Kwanrod na lanƙwashewa idan ruwa ya shiga silinda inji na tafiya, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma yana lanƙwashewa a hannun yaron da ya fitar da tsohon fin da guduma ba tare da ya tallafe fistin ta baya ba. Karanshaf mai wasa gaba da baya shi ma yana jawo haka. Alamar tana jikin tsohon fistin: gurbi ɗaya ya faɗaɗa yana ƙyalli, ɗayan lafiya lau, kuma cin da ke jikin fistin ya karkace maimakon ya sauka a miƙe. Wanda ya ga wannan ya sa sabon fistin a kan kwanrod ɗin nan, zai sake buɗe injin kafin wata ya ƙare.

Mai inji ba sai ya iya gyara ba kafin ya kare kansa. Ya buɗe kwalin fistin a gaban mai shago, ya ga fin da zobba biyu a ledarsu. In babu, ya ce a kawo wani kwalin. In zai yiwu ya sayi ƙarin biyu na irin wannan fistin, saboda wanda zai yi tsalle ya ɓace a yashi. Ya tsaya a gareji lokacin da ake haɗawa, ya roƙi maigidan garejin ya sa zobban da hannunsa ko ya duba bayan yaro ya sa, sannan ya karɓi tsofaffin guda biyu ya tafi da su, domin kada su koma gwangwani su shiga injin wani. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na 'yan kabu-kabu a Illela da Ƙonni, da sarakunan ruwa a Goronyo da Yawuri, suna da bakin da ake ji a wurin mutanensu, kuma za su iya mai da wannan ƙa'idar aiki: ba a rufe inji da tsohon kilif, mai shago kuma ba ya sayar da fistin babu nasa a ciki.